Tattabarun da Suka Ƙi Gero

Bara, da Umma ta haifi ƙanena, Kaka ta zo daga Kano ta yi mata zaman jego. Ta taho da kanwa da kimba da daddawa da garin kunu, har da ƙullin gero a ƙasan jakarta, don ta ce ba za ta amince da geron ƙasar da ko gona ɗaya ba ta hango ta tagar jirgi ba. Gidanmu a unguwar Al Khabaisi yake, cikin Dubai, hawa na uku, ɗaki biyu da falo da 'yar baranda mai kallon bayan wasu ofisoshi. Abba yana aiki a wata masana'anta can Dubai Investments Park. Daga sallar asuba yake fita, sai bayan magariba mu gan shi. Saboda haka da rana gidan na Kaka ne, ita ke cewa a yi, ita ke cewa a bari.

A cikin makonnin nan ne Kawu ya zo sarin kaya. Ƙanen Umma ne, autan Kaka. Kayan waya yake saya yana turawa Kano. Yana sauka a wani ƙaramin otal a Al Buteen, kusa da bakin ruwa inda jiragen katako ke lodi, amma tuwon dare a gidanmu yake ci. Kawu mutumin tattabaru ne. A saman gidansa na Kano ya gina musu ɗaki guda, ya san kowace da uwarta da kakarta. Umma takan ce hotunan tattabaru sun fi na 'ya'yansa yawa a wayarsa, shi kuma bai taɓa musawa ba.

Wata Juma'a da yamma ya shigo rungume da keji lulluɓe da tsohon tawul, yana haki saboda matakala.

"Yalla, yalla, maza a buɗe min baranda! Yaya, fito ki ga abin da idonki bai taɓa gani ba."

"Auta, in kyanwa ce ka koma da ita inda ka ɗauko," in ji Kaka daga kan tabarma. "Akwai jariri a gidan nan."

Ya ajiye kejin, ya yaye tawul ɗin a hankali kamar mai buɗe lefe. Tsuntsaye biyu ne a kan sandar da ke tsakiyar kejin. Siffarsu ta tattabara ce, amma ban taɓa ganin tattabara haka ba. Jikinsu shuɗi ne mai duhu kamar zanen da ya sha baba. Wuya da ƙirji kuwa fari-fari ne, launin azurfa, gashin wajen dogaye sirara. A kansu akwai ja kamar an ɗora musu jar dara, jan ya gangaro ya zagaye idanu. Ɗaya ta ɗan fi ɗaya girma.

Kaka ta matso ta leƙa. "Wa ya yi musu kwalliya?"

"Allah ya yi musu, Inna. Wani matuƙin jirgin ruwa na taimaka wa da tafinta a kasuwa, ya ce sai na karɓi wani abu. Ya ce daga wani tsibiri suka fito. A otal an ce ba a ajiye tsuntsu, shi ya sa na kawo su nan kafin in tafi. Ranar da waɗannan suka sauka a Kano, wallahi duk masu kiwon unguwarmu sai sun kasa barci."

Ya roƙi Kaka gero. Sai da ta ja masa rai kafin ta kwance ƙullinta ta cika masa gwangwani. Ya jefa ɗan gutsuren kanwa a ruwan shansu, ya zuba tsakuwa 'yan ƙanana da ya tsinto a ƙasan bene.

"Gero, ruwan kanwa, tsakuwa. Khalas, shi ke nan. Duk tattabarar duniya da wannan take rayuwa." Ya juyo gare ni. "Malama shiru-shiru, ke ce mai gadi. Ai aikin ya dace da ke, ba za ki dame su da surutu ba."

Aka yi dariya, ni ma na yi murmushi. Gaskiya ya faɗa. Ba na iya magana cikin mutane, ko a gida ko a makaranta. In malama ta kira ni a aji, sai in ji harshena ya yi nauyi, amsar tana raina amma ta ƙi fitowa.

Tun da ya yaye tawul ɗin nake jin kamar na taɓa ganin jar hular nan. Sai da na kwanta na tuna. A farkon zangon karatu an yi ranar da kowace ɗaliba ke nuna ƙasarsu. Akwai wata yarinya a ajinmu 'yar Seychelles, wasu tsibirai a tsakiyar tekun Indiya. Da malama ta nemo ƙasar a taswira, sunan da aka rubuta a kan ruwa ya fi ƙasar kanta girma. Yarinyar ta nuna mana kunkuru da yaro zai hau bayansa ya zauna, da ƙaguwa mai hawa bishiyar kwakwa, da wani farin tsuntsu da ke ajiye ƙwansa a kan reshe tsirara ba sheƙa. A cikin hotunan kamar akwai wani shuɗin tsuntsu mai jan kai. Amma hoton ya wuce da sauri, kuma ni a bayan aji nake zama. Ban tabbata ba.

Ranar Asabar na wuni a bakin baranda. Abin da na fara lura da shi shi ne ba sa kallon ƙasa. Tattabarun titi masu ruwan toka suka riƙa sauka a kan ƙarfen barandar, suna faɗa a kan 'yan ƙwayoyin da suka zube. Waɗannan biyun ko kallonsu ba su yi ba. Suna kan sanda, idonsu a sama, wajen da rufin kejin ya haɗu da sararin sama. Sai na sa yatsa na lailaye saman geron ya yi sumul, don in gane in an taɓa. Da azahar yana nan sumul. Da la'asar ma haka.

Ranar Lahadi ina zaune a wurin ina cin inabi, sai na ga ƙaramar ta karkata kai. Na ɗaga hannuna, kanta ya bi. Na kai hannun hagu, ya bi. Na ajiye inabin na ɗaga hannu ba komai, ba ta kula ba.

Da Kawu ya zo cin tuwo, na jira har ya wanke hannu, sannan na matsa kusa da shi na ce a hankali, "Kawu, ba su ci geron ba. Kamar inabi suke so."

"Me kika ce? Ɗaga murya, habibti, ba a masallaci muke ba."

Na maimaita. Ya yi dariya har da buga cinya.

"Inabi! Inna, kin ji jikarki? Gobe kuma sai ta ce a kawo musu shawarma. Ke, tattabara in ta ci abu mai ruwa zawo ne zai kashe ta. Baƙunta ce ke damun su. Shwaiya shwaiya, sannu a hankali za su saba."

"Ni ma da na zo, sai da na yi kwanaki ban iya haɗiye shinkafar garin nan ba," in ji Kaka. "Ƙawata, bar wa mai abu abinsa."

Kafin ya tafi ya ɗaga min yatsa. "Kada ki ba su komai fa. Na san halin yara da tausayi."

Na ce to. Shi ne ya san tattabaru, ni ko kaza ban taɓa kiwo ba.

Da safiyar Litinin, ina shirin makaranta, na leƙa baranda. Babbar ta sauko daga sanda, tana zaune a ƙasan kejin, gashinta ya tashi ya yi buzu-buzu, ido rabi a rufe. Wani shuɗin gashi ya faɗo ta tsakanin wayoyin kejin. Na ɗauka na sa a aljihu, bas yana ta danna mana oda a ƙasa.

Ban taɓa yi wa yarinyar nan 'yar Seychelles magana ba, duk da ajinmu ɗaya. Da aka fita tara na same ta zaune a kan benci ita kaɗai, ta buɗe robar abincinta. Na tsaya a gabanta. Sai kawai na ciro gashin na ajiye a kan bencin. Da Turanci muka yi maganar, amma ga yadda ta kasance.

Ta ɗauka ta juya shi a rana. "A ina kika samo wannan?"

"A gidanmu. Su biyu ne. Suna da ja a ka."

"Da farin wuya?"

Na gyaɗa kai.

"A gidanku? Nan Dubai? A cikin me?"

"A keji."

Ta daina tauna. Ta dube ni kamar na ce mata mun ɗaure ƙanwarta a baranda. "Me kuke ba su?"

Ban san sunan gero da Turanci ba, sai na ce hatsi, irin wanda ake ba tattabaru. Ta sa hannu ta rufe baki.

"Tun yaushe?"

"Tun Juma'a."

Daga nan ta fara magana da sauri har ina rasa wasu kalmomin. Ta ce a bayan gidan kakarta, kusa da bakin teku, akwai itatuwan da irin waɗannan tsuntsaye suke zuwa da sassafe. 'Ya'yan itace kawai suke ci. A kan reshe suke ci, wani lokaci har su yi reto kai a ƙasa don su kai ga wanda ya nuna. Ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin ɗaya tana tsince-tsince a ƙasa ba. Ta ce babu su a ko'ina a duniya sai a tsibiransu, ko ƙasashen da suka fi kusa da su ba su da su. A zamanin kakanta mutane sun yi ta kama su suna ci har suka kusa ƙarewa, yanzu an hana, ba a kama su, balle a fita da su.

Ban san akwai irin wannan ba. Ni a zatona tsuntsu tunda yana da fuka-fuki, ko'ina nasa ne. Ashe akwai wanda duk danginsa, daga na farko har na ƙarshe, suna cikin ɗigon nan da malama ta sha wuyar nemowa a taswira. Kuma biyu daga cikinsu suna barandarmu, gaban gwangwanin gero.

Ta ciro gwaiba guda daga robarta, nunanniya har ta yi laushi, ta danƙa min a hannu. "Wannan suna so. Ki yanka ƙanana."

Sauran darussan ranar ban ji ko ɗaya ba. A cikin bas gwaibar tana tafin hannuna har ta yi ɗumi. Cunkoso ya riƙe mu a hanya, ina ta kallon fitilar titi kamar kallona zai sa ta canza.

Tun daga matakala na ji ƙamshin kimba da citta. Na tura ƙofa, ban ko cire takalmi ba na nufi baranda, sai idona ya faɗa cikin kicin. Kaka na zaune a kan kujera 'yar tsuguno, robar ruwan zafi a gabanta. Ruwan ya rufe da shuɗin gashi. Wasu sun manne a yatsunta, wasu a gefen zaninta. A kan faranti ga ɗan jiki tsirara, bai kai tafin hannuna ba. A gefensa ga kan, da jar hularsa.

Jakata ta zame daga kafaɗata ta faɗi.

"Ƙawata, kin dawo?" in ji Kaka, ba ta ko ɗago ba. "Allah ya taimake mu yau. Saura ƙiris ta zama mushe. Ina ganin ta kwanta na sa uwarki ta kira Auta, ya bar kayansa a shago ya taho a guje."

A wajen Kaka wannan ba wani abu ba ne. A gida in dabba ta kama hanyar mutuwa, ana gaggawar sa mata wuƙa ne don naman ya halatta, kada a yi asara biyu. Ga shi kuma farfesun tattabara abincin mai jego ne. Ita a ganinta ma rabon Umma ne ya tsaga.

Kawu yana tsaye a ƙofar baranda, ya naɗe hannun riga. Wuƙar tana kan wani faranti a kusa da ƙafarsa. Yau ba dariya a fuskarsa, idonsa ya yi ja.

"Inna, ɗayar ma ta fara sakin fuka-fuki," ya ce. "Wata cuta suka taho da ita daga jirgin nan. Gara a haɗa su tukunya ɗaya tun tana da sauran numfashi."

Ya sunkuya zai ɗauki wuƙar.

Ban san lokacin da na ratsa ta gefensa ba. Na tsinci kaina tsaye tsakaninsa da kejin, bayana yana taɓa wayoyin.

"Kawu, yunwa ce."

"Matsa, Malama, wannan ba abin kallon yara ba ne."

"Yunwa ce! Ba cuta ba ce, yunwa ce! Ba sa cin gero!"

Ban taɓa jin muryata haka ba. Tattabarun titi da ke kan ƙarfe suka watse. Umma ta fito daga ɗaki da jariri a kafaɗa, ɗankwalinta a hannu, tana tambayar wa ya faɗi.

"Wace irin yunwa?" in ji Kawu. "Ga gero nan cike da gwangwani."

"Shi ya sa yake cike."

Ya dubi gwangwanin. Saman geron yana nan yadda na lailaye shi, har da 'yar shaidar yatsana a gefe. Na buɗe hannuna na nuna gwaibar, na fara ba su labarin yarinyar ajinmu, ina yi ina sarƙewa, na faɗi na ƙarshe kafin na farko. Kawu yana girgiza kai.

"Yaya, ki ji fa. Wata yarinya a makaranta ce za ta koya min tattabara."

Sai muka ji muryar Kaka daga kicin, ba irin wadda ta saba ba.

"Auta. Zo nan."

Duk muka tafi. Ta tsaga ƙundun, ta buɗe shi a tafin hannunta, ta miƙo masa kusa da fuska.

"Duba min. Tun kafin a haife ka nake gyara tattabaru. Ka taɓa ganin ƙundu haka? Ba gero ko ƙwaya. Ba tsakuwa. Kamar an wanke shi." Ta ɗaga ɗan jikin ta shafa ƙirjin da babban yatsa. "Ji ƙashin nan, zai yanka mutum. Ina figa ina cewa wannan wace irin rama ce."

Kawu ya karɓa ya duba, ya juya, ya sake dubawa.

Na ɗauki ƙaramar wuƙa na yanka gwaibar ƙanana. Na zubar da ruwan kanwar na sa sabo, na cire gwangwanin geron, na ajiye gwaibar a murfin roba a ƙasan kejin. Ƙaramar tana kan sanda har yanzu, amma fuka-fukinta sun sauko, tana lumshe ido tana buɗewa. Muka tsaya muna kallo. Ba ta dubi murfin ba. Na tura shi daidai ƙarƙashinta. Ba ta duba ba.

"Kin gani?" in ji Kawu, a hankali, ba da gatse ba. "Ko da gaskiyarki, lokaci ya wuce. Ki bar ni in hutar da ita. Barin ta haka shi ne zalunci."

Na yi duk abin da aka ce in yi, ga shi bai yi ba.

"Tsaya tukuna," in ji Kaka. Ta goge hannu a zani. "Ƙawata, me yarinyar ta ce kuma? Faɗa min duka, kada ki haɗiye rabi yadda kika saba."

"Ta ce a kan reshe suke ci. Ba sa sauka ƙasa. Har reto suke yi."

Kaka ta tafa hannu. "Kurciyar gamji! Ashe 'yar uwarta ce. Muna yara a ƙauye akwai ta, mai ruwan ganye. A kan gamji take wuni tana cin 'ya'yansa. Ko buhun gero ka zazzage a gindin bishiyar ba za ta sauko ba. Mai jego, ina allurarki? Kawo da zare."

Umma ta miƙa wa Kawu jaririn ba tare da ta tambaye shi ba, ta tafi ta kawo. Kaka ta zira zaren, ta riƙa soke gutsattsarin gwaibar ɗaya bayan ɗaya kamar mai shirya tsakiya, ta haɗa da 'yan inabi da ta raba biyu. Ta ɗaure zaren a rufin kejin, ya sauko yana lilo daidai saman kan tsuntsuwar.

"To, kowa ya koma ciki. Ba a tsaya wa baƙo a ka yana cin abinci."

Muka shiga falo, muka ja ƙofar gilashi, muka tsaya a bayanta mu huɗu da jariri. Na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani. An daɗe ba abin da ya faru. Zaren ya daina lilo. Kaka tana motsa baki ba sauti.

Sai kan ya karkata, irin karkatawar da na gani ranar Lahadi. Ta matsa a kan sanda, taku ɗaya, ta tsaya. Ta miƙa wuya ta kai baki, ta kuskure, ta yi tangal-tangal har na ce faɗuwa za ta yi. Ta gyara tsayuwa. A karo na biyu ta cafke gutsuren ƙasa, ta fizge shi daga zaren, ta haɗiye shi ɗungurungum. Na ga tudunsa yana gangarawa a cikin farin wuyan. Ta kai wa na biyu.

Umma ta ce, "Allahu Akbar," ta karɓe jaririnta, don hannun Kawu ya fara saki.

Kawu ya sulale ya zauna a ƙasa, bayansa a jikin kujera. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hannuna, Inna. Ga inabi a firij. Tun jiya yarinyar nan ta faɗa min."

"Da geron wa?" in ji Kaka. "Ni na auna maka. Baƙi suka kwana uku a gidan da nake, ban tambayi abin da suke ci a garinsu ba."

Ban taɓa ganin babba yana kuka ba sai a wajen rasuwa. Na kawar da kai na ci gaba da kallon kejin. Kafin magariba ta cinye rabin zaren, Kaka ta shirya wani.

Da Abba ya dawo aka ba shi labari tun bai zauna ba. Da aka kai wajen cewa an hana fita da su daga ƙasarsu, ya ajiye makullin mota a hankali ya dubi Kawu.

"Kuma da su za ka bi ta filin jirgi?"

"Wallahi ban sani ba, Alhaji. Na ɗauka tattabaru ne masu kyau kawai."

Abba ya nemo lambar mahaifiyar yarinyar a zauren iyaye na waya, ya shiga ɗaki ya rufe. Da ya fito ya ce ta san masu kula da irin waɗannan tsuntsaye, za su zo da safe, kuma Kawu zai tsaya ya gaya musu duk abin da ya sani. Kawu ya ce to, kansa a ƙasa.

Saura wadda ke kan faranti. Kaka ta ce an ambaci sunan Allah a kanta, ba za ta shiga kwandon shara ba. Ta dafa ta da kayan ƙamshin da ta riga ta daka. Ta zuba a kwano ta kai wa Umma, Umma ta girgiza kai. Abba ya ce ya ƙoshi. Kawu ya tashi ya fita baranda. Ni ba ta ma miƙo min ba. Ta koma kicin da kwanon, ta juya mana baya, ta ci a tsaye. Ba ta daɗe ba, don ba wani nama a jiki. Na ji ƙarar famfo, ta wanke kwanon ta kife.

Washegari Abba bai fita da asuba ba, ni ma aka ce in jira. Mutum biyu suka zo, mace da namiji, da akwati mai ƙofofin iska. Matar ta duba tsuntsuwar, ta taɓa ƙirjinta, ta ce ta rame ƙwarai amma idonta ya buɗe, tana sa ran za ta tashi. Ta ga zaren ta tambayi wa ya yi wannan dabara. Na nuna Kaka. Suka zauna da Kawu da Abba a falo, aka ce in shiga ɗaki, don haka ban san abin da aka ce ba. Na dai san Kawu bai koma Kano a ranar da ya shirya ba, kuma har ya tafi bai ƙara nuna wa kowa hoton tattabara ba.

Da za su fita, Kaka ta tare su a ƙofa da sabon zare cike da gwaiba da inabi.

"Ƙawata, gaya musu guzurinta ne. Su ɗaure a sama, kada su ajiye mata a ƙasa."

Na faɗa musu da Turanci, a gaban kowa, muryata ba ta maƙale ba. Matar ta karɓa da hannu biyu.

Da na isa makaranta an kusa fita tara. Yarinyar tana kan bencin jiya, tana hango ni ta miƙe.

"Mamana ta ce an karɓe ta. Ta ci?"

"Ta ci. Ta cinye gwaibarki."

Ta yi tsalle ta riƙe hannuna. Sai kuma ta tsaya. "Kin ce su biyu ne. Ɗayar fa?"

Na yi tunanin in ce ta mutu kawai, in tsaya nan. Amma na gaya mata yadda aka yi, da wuƙar, da robar ruwan zafi, da kwanon Kaka. Ta saki hannuna ta zauna. Ta daɗe tana kallon takalminta. Gashin da na ba ta jiya yana cikin aljihun rigarta, bakinsa ya leƙo.

"Kakana ma ya ci su," ta ce daga baya. "Ya ce da daɗi."

"Kakata ba ta ce komai ba."

Ta jawo jakarta daga kan bencin ta ajiye a ƙasa, wuri ya samu. Na zauna.